A Bar Yara Su Ƙirga Kayan Sallah da Hannunsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman rabin aji da kuma iyaye, musamman mata, tunda azumi ya kama kuma Sallah na tafe. Ba maganar albashi na zo da ita ba, ko da yake can ma akwai abin faɗa. Maganar ƙirge ce, wato yadda muke koya wa ɗan shekara uku zuwa biyar ɗaya, biyu, uku.

Ni malama ce a wata firamare ta ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, cikin masarautar Ringim, kuma rabin aji ne rabona tun da daɗewa. Abin da ke damuna shi ne mun mai da ƙirge waƙa. Da safe malami ya ɗauki sanda yana buga allo, yara suna rerawa da ƙarfi, "wan, tu, tiri," har hamsin, har ɗari. Yaro ya koma gida ya rera wa babansa, baban ya ce ma sha Allahu, boko ya shiga. To a zuba dabino a faifai a ce wa wannan yaron, "Miƙo wa Goggo guda huɗu." Sai ya cusa hannu ya damƙo abin da tafinsa ya iya ɗauka, ko shida ne ko tara, ya miƙa yana murmushi. Hadda ya yi, bai kai ga ƙirge ba tukuna. Koya wa yaro lamba da baki kaɗai tamkar koya wa yarinya tuƙin tuwo ne ba a ba ta muciya ba.

Masana sun daɗe da bin diddigin wannan. A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, suka zayyana abubuwa biyar da yaro zai kama kafin a ce ya iya ƙirge. Dole kowane abu ya samu lamba ɗaya tak, ba tsallake, ba maimaici. Dole lambobin su zo a jerensu kullum, kada yau biyar ta biyo huɗu gobe bakwai ta biyo ta. Sannan babban cikinsu, wanda a nan yawancin yarana ke maƙalewa: lambar ƙarshe da ka faɗa ita ce adadin abin gaba ɗaya. Sauran biyun su ne yaro ya gane komai na ƙirguwa, ko dutse ne ko tafi ko kukan jaki, kuma ko ta dama ya faro ko ta hagu adadin ba ya canjawa. Daga baya, wajen 1990, wata mai suna Karen Wynn ta riƙa cewa yara "ba ni biyu," "ba ni biyar," ta tarar yaro kan fara sanin ɗaya kawai, bayan watanni ya san biyu, sannan uku, kafin can wata rana abin ya buɗe masa gaba ɗaya, alhali duk wannan lokacin yana rera lambobin sumul. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ake samu ta hanyar kallon allo. Sai yatsa ya taɓa, sai hannu ya ture abu gefe.

Yanzu ga inda Sallah ta shigo. Wasu makarantun kuɗi, har da na garuruwan da ke kusa da mu, suna buga wa yara takardun ƙirge da suka sauko daga intanet. Na ga irinsu a jakar ɗan maƙwabciyata: kabewa mai idanu da haƙora, mutum-mutumin ƙanƙara da hula, ƙwai mai zane-zane. A Amurka da Ingila malaman ƙananan yara suna yin haka ne saboda waɗannan su ne kayan bukukuwansu. Kabewar ta bikin da suke yi ranar 31 ga Oktoba ce, ƙanƙarar ta sanyin Kirsimeti ce, ƙwan na Ista ne. Yaro ya gan su a ɗakin uwarsa, ya gan su a kanti, hankalinsa na kansu, sai malama ta yi amfani da wannan ɗokin ta cusa masa lissafi. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Mu sai muka kwaso hoton muka baro dabarar a can. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta mai sayar da zoɓo, me zai ja shi ga mutum-mutuminta? Balle kuma hoto ba ya turuwa gefe, yaro sai ya ƙirga kabewa ɗaya sau biyu bai sani ba.

Alhali daga farkon Ramadan har zuwa bayan Babbar Sallah, gidan Bahaushe cike yake da abin ƙirge, kuma ba sai an kashe ko sisi ba.

A fara da kwanakin azumin kansu. Na sa kowane yaro ya nemo gwangwanin madara ko na tumatir wanda aka daddaƙe bakinsa ba zai yanke shi ba. Kullum bayan shan ruwa ya wanke ƙwallon dabino ɗaya ya jefa. Kafin ya jefa na yau, ya zazzage na ciki a tabarma ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ja shi gefe. Rana ta farko ɗaya ne, kashegari biyu, a hankali adadin ke girma tare da shi, ba a ɗora masa talatin lokaci guda ba. Kuma yana da dalilin ƙirgawa, don ya ji yayyensa na cewa sai azumi ya kai goma ake fara tashe. Wani yaro a ajina kullum sai ya zo ya ba ni labari, "Malama, saura uku a fara." Ban koya masa ɗebewa ba, son tashe ne ya koya masa. Ƙanana 'yan shekara uku su tsaya a biyar ko goma, manyan su bi watan har ƙarshe, su ga da idonsu ko 29 ya yi ko 30.

Rabon buɗa-baki ma haka. Maimakon uwa ta raba da kanta don ta fi sauri, ta miƙa wa ƙaramar faifan ta ce, "Kowa uku-uku, fara da Baba." Na zauna na kalli jikar yayata tana wannan aikin, shekarunta huɗu. Ta je gaban kakanta ta durƙusa, ta ajiye ɗaya ta ce ɗaya, ta ajiye na biyu, na ukun ya manne da wani saboda danƙon dabino, sai ta tsaya tana kallonsu. Ta raba su da farce, ta mai da ɗaya faifai, ta ɗago ta ce, "Alhaji, naka uku." Wannan tsayawar da ta yi ta fi mini shafi goma na rubutu, don a nan ne ta nuna ta san uku uku ne, huɗu kuma ya wuce.

Amma inda na fi so iyaye maza su saurare ni shi ne zakkar fidda-kai. Kowace shekara, kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah ko da asubar ranar, maigida yakan shimfiɗa buhu ko tabarma a tsakar gida ya auna gero ko dawa ko masara, sa'i ɗaya a kan kowane mutum, wato mudu huɗu da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yawanci korar yara ake yi a lokacin, "Ku matsa, kada ku zubar." Ni kuwa ban san wani darasin lissafi da ya kai wannan ba a duk shekara. A fara da tambayar yaro mutum nawa ne a gidan nan. Ya zagaya ya taɓa kowa, ko ya ajiye tsakuwa ɗaya a madadin kowa: ta Baba, ta Inna, ta Yaya da ke makaranta a Ringim, ta Kaka. Kusan kullum abu biyu suke mantawa, jaririn da ke goye da kuma su kansu. Sai ka ga yaro ya ƙirga bakwai, a ce masa "kai fa?" ya fashe da dariya ya ruga neman tsakuwa ta takwas. Daga nan maigida ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya ce wannan ta Inna ce, ya fara awo, yaron na ƙirga mudun da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai a ture tsakuwar gefe a ɗauko ta gaba. A zama ɗaya yaro ya ƙirga mutane, ya ga dutse na iya tsayawa a madadin mutumin da ba ya nan, ya maimaita ɗaya zuwa huɗu sau takwas ba tare da ya gaji ba, kuma ya ga huɗu-huɗu na taruwa ta zama tuli. Nan gaba idan ya kai aji uku aka ce masa huɗu sau takwas, yana da tulin geron da zai tuna. Ƙari a kan haka ya san akwai haƙƙin mabuƙaci a cikin abin da aka noma, amma wannan fagen malaman addini ne, su suka fi ni iya bayaninsa.

Ranar Idi kuwa akwai abin ƙirgen da ba a taɓawa. Liman zai yi kabbara bakwai a raka'ar farko har da ta harama, shida a ta biyu har da ta miƙewa, kamar yadda muke bi a mazhabar Malikiyya. Yaron da ke gefen babansa zai iya lanƙwasa yatsa a kan kowace kabbara, in an dawo gida a tambaye shi nawa ya samu. Wanda aka kai shi kallon hawa a Ringim ya ƙirga dawakin tawaga ɗaya, ko masu jajayen rawani kaɗai. Wannan ya fi wuya, don doki ba ya tsayawa a taɓa shi, saboda haka na 'yan shekara biyar ne.

Sai goron Sallah, wanda nan ne kowane yaro ke zama ɗan kasuwa. A nan ina jan kunne. Ƙirga takardun kuɗi daban, sanin darajarsu daban. Ɗan shekara huɗu da ke riƙe da naira goma-goma guda uku gani yake ya fi mai naira hamsin guda ɗaya arziki, kuma a iya hankalinsa gaskiyarsa ne, uku ta fi ɗaya. Kada a dame shi da wannan tukuna. A bar shi ya ƙirga takarda nawa ya samu, ya ware masu kama ɗaya wuri ɗaya, ya faɗi wane tuli ya fi yawa. Ya ƙirga gida nawa suka shiga yawon Sallah. Ya jera cincin da dubulan da alkaki a faranti biyar-biyar kafin a kai wa maƙwabta. Darajar kuɗi za ta zo da kanta, kuma ba ta jimawa, mai kanti ne zai koya masa.

Wani abu da ke jawo kuka a ranar Sallah, iyaye su ɗauka rigima ce kawai: a ba yara biyu alewa biyar-biyar, ɗaya ya baza tasa a tabarma, ɗayan ya tara tasa wuri ɗaya, sai mai tarin ya ɓare baki wai an fi ba ɗan'uwansa. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa yara kafin wajen shekara shida ko bakwai sukan ɗauka jeren da ya fi tsawo shi ya fi yawa ko da adadin ɗaya ne. Maganinsa ba tsawa ba ne. A sa su jera alewar fuska da fuska, kowace da abokiyarta, su ga babu wadda ta rasa, sannan kowa ya ƙirga tasa. Za a sake yin rigimar gobe, a sake jerawa. Haka abin yake shiga.

Wata biyu da kwana goma bayan nan Babbar Sallah ce, ita kuma ba sai na tsawaita ba. Raguna nawa aka ɗaure a unguwa, ƙafa nawa rago ɗaya ke da su, biyu fa? Motocin dabbobi nawa suka wuce daga Maigatari bayan kasuwar Alhamis? In an zo rabon nama, yaro ya ajiye kwano ɗaya a kan kowane gida da za a kai wa, ya ƙirga yanka nawa aka sa a kowanne. Inda ake watanda ya tsaya ya ga kashi nawa aka yi kuma mutum nawa suka shiga. Wuƙa da wuta dai a nisanta shi da su. Maƙwabtanmu Kirista su ma suna da nasu kayan a lokacin Kirsimeti, kwanukan shinkafa da ake rabawa da cincin da balan-balan, dabarar ɗaya ce.

Na san abin da abokan aikina za su ce: Malama, a gida da yaro ɗaya ko biyu wannan mai sauƙi ne, a aji fa? Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013, wadda ta shigar da shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta ce malami ɗaya ga yara 25, ta ce a koyar da su ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko na yankin da suke. Duk wanda ya leƙa rabin aji a ƙauye ya san 25 ɗin nan a takarda take. To amma yawan yara shi ne ma ya sa ba zan iya tsayawa a allo ba, don na baya ba sa ganin komai. Abin da nake yi, in raba su tabarma-tabarma, kowace tabarma da faifai ko murfin bokiti ɗaya, da tulin marafan lemo da ƙwallon goriba da guntayen kara. Marafan lemo bayan Sallah ba a rasa su, ranar Lahadi in na shiga kasuwar Gujungu mai shago har murna yake in kwashe masa. Sai mu yi Sallar wasa. Kara ya zama rago, marfi ya zama ƙosai, wannan ya zama maigida, waccan ta zama mai kai tuwon Sallah. In ce, "Gidan Liman ƙosai biyar, gidan Mai unguwa uku." In bi tabarma-tabarma ina duba hannuwa. Tambayata biyu ce ba ta canjawa: "Nawa ne duka?" bayan yaro ya gama ƙirge, da kuma "Ba ni kaza." Wanda na ce masa nawa ne duka ya sake farowa daga ɗaya, na san bai kama ba tukuna, sai in rage masa zuwa uku.

Da gangan ba na kawo abinci na gaske aji. Wasu yaran ba su karya ba suke zuwa, bai kamata a ajiye dabino a gaban mai jin yunwa a ce masa ƙirga kada ka ci ba. Abinci a bar shi a gida, inda bayan ƙirge za a ci. Sannan gyaɗa da wake da tsakuwa ƙanana da ƙwallon dabino ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne sai da babba a kusa, suna jefawa a baki da hanci, har da kunne. Ƙwallon goriba ya fi kwanciyar hankali, ba ya haɗiyuwa.

Akwai wani uba da ya taɓa tare ni a bakin makaranta, ransa a ɓace. "Malama, mu karatu muka kawo su. In wasan tsakuwa ne ai akwai ta a ƙofar gida." Na gaishe shi, na ce, "Malam, da ka je sayen goron ɗaurin auren 'yarka, mai goro waƙa ya rera maka ko ƙirga maka ya yi?" Ya ce ƙirgawa ya yi mana, biyar-biyar har ƙwarya ta cika ɗari. Na ce to da hannu ko da baki? Ya yi dariya ya ce da duka biyun. Ban ce ya gamsu gaba ɗaya ba, har yanzu yakan buɗe littafin ɗansa ya ga ko an cika shafi. Amma ya daina cewa wasa ne. Kakanninmu da suka ci kasuwa da kuɗin wuri haka suke ƙirga shi, biyar-biyar a ƙasa, su tara tuli-tuli. Masu dara da ke zaune a gindin bishiya kowa ya san 'ya'yansa 12 ne, ba ya taɓa ɓacewa. 'Yan mata masu carabke suna kwasar ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku tun kafin su ga ƙofar aji. Hatta Maria Montessori, wadda makarantun masu kuɗi a birni ke liƙa sunanta a allon ƙofa suna tsawwala kuɗi, a unguwar talakawa ta birnin Rum ta buɗe makarantarta ta farko a 1907, kuma jigon koyarwarta shi ne yaro ya koya da hannunsa.

Ba cewa nake a jefar da fensir ba. Rubuta lamba na da lokacinsa, kuma ya fi zama daram idan yaro ya riga ya san abin da alamar ke nufi. Ni nakan fara da yatsa a ƙasa: ya ajiye marafai uku, ya zana 3 a gefensu cikin rairayi, in ta karkace ya shafe ya sake, ba a ɓata takarda ba. Turancin ma zai zo. Yaron da ya san huɗu huɗu ce a Hausa, sauya mata suna aikin mako ɗaya ne.

Roƙona ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sufabaizojin da ke zagayowa: idan kun shigo rabin aji, kada ku tsaya a jin yara sun rera ɗaya zuwa ɗari ku rubuta "da kyau." Ku zuba marafai ku ce wa yara uku ko huɗu su ba ku shida, nan za ku san aikin da aka yi. Idan za a kira mu bita, a sa wannan a ciki, a kuma yi ta kafin azumi, ba bayan an sha Sallah ba. Kwamitocin iyaye na makarantu su taimaka mana da tabarmi, don su muka fi buƙata a kan benci. Gidajen rediyonmu da ke cika dare da shirye-shiryen azumi su ba da ko minti biyar a gaya wa iyaye mata maganar gwangwani da ƙwallon dabino, domin matan ƙauyenmu rediyo suke ji, jarida sai wanda ya karanta musu. Malaman Islamiyya kuma, tunda yaran nan da yamma wurinku suke, in kun zo babin zakkar fidda-kai ku ce wa iyaye maza su bar ƙananan su zauna a gefen tabarma ranar awo.

Na gode da wannan fili. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya kai mu Sallah lafiya.

Taku,
Malamar rabin aji,
Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa.